Ranar da Kwamfuta Arba'in Suka Gaishe Ni

Shekara shida ina aiki a makarantar koyon kwamfuta ta Modibbo Ja'afaru da ke Ɗan Iya, kuma a shekara shidan nan abu ɗaya tak nake nema a wurin dattijon: makullin ɗakin kwamfuta. Ban nemi kujera mai juyawa ba, ban nemi a rubuta sunana a jikin ƙofa ba. Ni na ja wayoyin ɗakin nan, ni na zuba wa kwamfutocin nan arba'in duk abin da ke cikin kansu, idan ɗaya ta yi tari ni ake kira. Amma kullum da safe sai in zauna a benci a bakin ƙofa kamar mai jiran likita, ina jiran Mansir ya zo ya buɗe min.

Mansir ɗan ƙanin Modibbo ne, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya ce. Daga Ƙofar Wambai zuwa Ɗan Iya babu mahaluƙin da zai wuce bai gaishe shi ba. Mai masa, mai faci, direban keken da ya ɗauko shi, har fasinjan wani keken idan cunkoso ya haɗa su. Ƙarfe bakwai yake fitowa daga gida, ya iso tara da rabi da makullin a aljihu, yana murmushi, sannan ni ma ya faro ni daga tushe: ina kwana, ina gajiya, ya mutanen garinmu Bogoro, ya mahaifina Baba Zakka da ciwon ƙafa. Ni kuwa a lokacin raina ya gama ɓaci, abin da ke fitowa daga bakina shi ne lafiya, buɗe mana.

Ni Liatu ban iya doguwar gaisuwa ba, na sani, kuma ba laifin gidanmu ba ne. Uwata ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Ina cewa ina kwana a tsaye, idan an amsa in kama gabana. Durƙuso kuwa ban da lokacinsa. Modibbo bai taɓa yi min faɗa a kan haka ba, shi ba ya faɗa. Sai dai duk ranar da na tayar da maganar makulli, ya shafa gemu, ya ce aikina ba shi da na biyu, amma makulli yana son mai natsuwa, in ƙara haƙuri. Haƙurin nan na ƙara shi har na rasa inda zan ajiye.

Sai ga dama ta zo. Modibbo ya nemi hukumar jarrabawa ta amince da ɗakinmu ya zama cibiyar da ɗalibai za su riƙa rubuta jarrabawa a kwamfuta, aka aiko takarda cewa jami'in dubawa zai zo ranar Alhamis. A gabana da gaban Mansir dattijon ya ce idan aka amince da ɗakin, zai duba maganar makulli. Zai duba kawai ya ce, amma ni a kunnena alkawari ne.

Bari in ɗan yi bayanin aikina, don ba kowa ya damu ya sani ba. Idan ka danna maɓalli, kwamfuta ba ta tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai wasu 'yan sakan na farko da take kamar mutumin da ya farka bai buɗe ido ba. Ba ta san inda ma'ajiyarta take ba, ba ta san me da me aka jona mata ba. A wannan ɗan tsakanin wani ƙaramin ƙunshi take kwancewa. A cikinsa akwai 'yan kayan da za ta fara buƙata, da rubutun umarni layi-layi: yi kaza, idan ya yiwu ki wuce kaza. Sai ta gama bin rubutun nan sannan ta miƙa ragama ga babban tsarin da kowa yake gani. To, ƙunshin nan ni nake ɗaure shi, rubutun nan ni nake yin sa, kuma a duk Bauchi ban san mutum biyar da ke taɓa wurin ba.

Ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Da na same su, kwamfutocin nan kusan minti guda suke yi kafin su tashi. Na zauna na tsince ƙunshin tsaf, duk abin da ba a buƙata a sakan ɗin farko na fitar da shi, har na mayar da tashinsu sakan goma sha ɗaya. Da takardar hukuma ta zo da sharaɗin cewa kada ɗalibi ya samu wata ɓarauniyar hanyar shiga, na bi na toshe kowace ƙofa. Ba a tayar da su da filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ba a zaɓar wata hanya, ba a tsallake rubutuna. Ni kaina idan ina son warware wannan ƙullin sai na kwance murfin kowace ɗaya, aikin yini guda. Na toshe ina jin daɗi, ina cewa a raina bari in ga ɗan da zai wuce ni.

Ranar Litinin Modibbo ya shigo ɗakin, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce in kunna masa ɗaya ya gani. Na kunna. Fararen rubutu suka zubo a baƙin allo da gudu, kafin ka ce me ta tashi. Ina jira ya yaba saurin, sai ya tambaye ni me take cewa a rubutun nan da ya wuce. Na ce tana duba gaɓoɓinta ne, tana faɗin abin da ta samu.

"Ashe tana magana," in ji shi. "Tana da bakin magana, ba ta da bakin gaisuwa." Ya dube ni ta saman tabarau. "To, ba laifinta ba ne. Abin da aka koya mata ta riƙe."

Na gane inda maganar ta dosa, na haɗiye. Ya ce yana so ranar Alhamis baƙo ya shigo ya tarar da ɗaki mai tarbiyya. Na ce wannan mai sauƙi ne, washegari na nuna masa: kwamfuta ta tashi, sai ga hoto mai kyau da barka da zuwa a rubuce. Ya girgiza kai. Ya ce mutum ba ya shiga gida ya zauna ya buɗe tukunya sannan ya yi sallama. A bakin ƙofa ake gaisuwa, kafin komai. Ma'ana, cikin ƙunshina yake so in saka ta, a sakan ɗin farko, wurin da na share shekara ina rage wa kaya.

Na saka. Na rubuta mata ta tambaya ina kwana, ta jira sakan goma, idan an amsa to, idan ba a amsa ba ta wuce abinta. Wannan shi ne hankali, kowane mai irin aikina zai gaya maka ba a barin na'ura tana jira ba iyaka a wurin da ba ta gama farkawa ba. Modibbo ya tsaya ya ƙi amsawa da gangan, yana kallo ta ƙirga goma ta wuce. Ya ce wannan ai ya fi rashin gaisuwar muni, wanda ya gaishe ka ya juya baya kafin ka amsa raina ka ya yi. A cire ƙirgen. Kuma gaisuwa ɗaya ta yi kaɗan, ko baƙon da aka haɗu da shi a tasha ana yi masa uku. Shi ya zaɓe su da kansa: ina kwana, a ce lafiya lau. Ina gajiya, a ce ba gajiya. Ina aiki, a ce aiki da godiya.

Na ce masa, Baba, idan aka cire ƙirgen kuma wani abu ya faru, za ta tsaya nan har tashin duniya. Ya ce me zai faru, ai duk wanda aka gaisar zai amsa.

Ranar Laraba da yamma na rubuta, kuma cikin fushi na rubuta. Na gwada a kan Tsohuwa, kwamfutar da ke teburina a kusurwa, wadda na gada tun zuwana makarantar. Kibod ɗinta irin na da ne, mai zagayayyen baki, wayarsa gajera saboda ɓera ya taɓa cin rabinta na yanke na haɗa da baƙin salatif. Sau biyar na kashe na kunna, sau biyar ta gaishe ni na amsa ta wuce lafiya. Sai na tura sabon ƙunshin ta wayoyin ɗakin zuwa ga sauran arba'in ɗin. Ya ɗarsu a raina in kashe ko da ɗaya daga cikinsu in sake kunnawa in gani. Amma Mansir yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli, wai zai je ta'aziyya Zungur kafin magariba, ni kuma ƙarar makullin nan a hannunsa ta fi min komai ciwo. Na ce a raina abin da ya yi sau biyar me zai hana shi yi na shida. Na kashe su na ɗauki jakata.

Ranar Alhamis na ci ado. Na ɗauko atamfata ta zuwa coci, na sa takalmi mai tsini, don na ƙudura a raina ranar zan karɓi makulli, kuma ba zan karɓe shi cikin tsumman aiki ba. Ƙarfe bakwai ina kan benci. Mansir, saboda muhimmancin ranar, ya yi ƙoƙari ya iso tara saura biyar. Yana buɗe ƙofa motar Modibbo na tsayawa, ga baƙo a ciki.

Malam Ɗanlarai sunan jami'in, siririn mutum mai fayil a hammata da babban agogo a hannu. Bai yi wani dogon bayani ba. Ya ce yana so ya ga an kunna kwamfutocin a gabansa, kuma kafin ƙarfe goma duka arba'in su kasance a shafin jarrabawa, domin akwai wata cibiyar da ke jiransa a Yelwa. Idan ɗaya ta gaza, sai wata shekarar. Na kusa yin dariya. Awa guda ya ba ni a kan aikin sakan goma sha ɗaya.

Na bi layi-layi ina danna maɓalli, takalmina na ƙwas-ƙwas a siminti. Na juyo na ga alluna arba'in, kowanne baƙi, kowanne da farin rubutu a kusurwa: Ina kwana? Gaskiya abin ya yi kyau, har ni da ba na so. Fuskar Modibbo ta washe. Ya ce wa Mansir ya amsa wa ta farko, ya nuna wa baƙo yadda ake yi a nan.

Mansir ya zauna, ya gyara hula, ya sa yatsu biyu ya buga. Ba abin da ya fito. Ya sake bugawa da ƙarfi. Har ya sunkuya ya ce mata lafiya lau da baki, a hankali, yana zaton ban ji ba. Na ture shi na buga da kaina. Allo bai motsa ba. Na matsa ta biyu, ta uku, ta bakwai. Sai idona ya faɗa kan 'yar fitilar da ke saman kibod, na ga a mace take, kuma haka take a mace a duk layin.

Nan take na gane. Kibod ɗin kwamfutocin nan arba'in duk na zamani ne, masu faffaɗan baki irin na filas. Kafin kwamfuta ta ji irin wannan kibod sai an ba ta wani ɗan abu da zai koya mata harshensa. Wannan ɗan abin yana cikin kayan da na fitar daga ƙunshi tun bara, don in rage sakan biyu, tunda a lokacin babu mai buga komai a sakan ɗin farko. Tsohuwa ba ta buƙatarsa, mai zagayayyen baki da shi aka haife ta, shi ya sa ta amsa min sau biyar. Ga kwamfuta arba'in sun yi gaisuwa suna jiran amsa, ba su da kunnen jin ta, ga ƙirgen da zai cece ni an cire, ga duk wata ƙofar baya ni da hannuna na toshe. Tsoro ya kama ni, kunya ta kama ni, kuma haushin kaina ya fi su duka.

Allah ya taimake ni da halin Mansir. Da ya ga abu ya cije, sai ya miƙe ya koma kan abin da ya iya. Ya tari Malam Ɗanlarai da sabuwar gaisuwa, ya tambaye shi unguwarsu, cikin minti biyu ya gano cewa kawun baƙon ya taɓa zama maƙwabcin surukinsa. Suna can suna lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure, ni na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur. Kwamfutocin nan sababbi muke ce musu, amma gwanjo ne, kuma a bayan kowace akwai tsohon ramin nan mai zagaye wanda ba wanda ya taɓa kula shi. Na ruga kusurwa na fizgo kibod ɗin Tsohuwa.

Irin wannan kibod ba a jona shi kwamfuta na kunne, ba za ta san da shi ba. Sai an kashe, a jona, a kunna. Na shiga ƙarƙashin teburin farko na yi haka. Wayar gajera ce, ba ta kai saman tebur, dole na ajiye shi a ƙasa, gwiwoyina biyu a siminti, na ɗaga kai ina leƙen allo. Ina kwana? Na buga lafiya lau, kuma haruffan suka fito. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina aiki? Aiki da godiya. Ta wuce, ta tashi, fitilar nata kibod ɗin ta kama. Agogon bango ya nuna tara da minti takwas, kuma saura talatin da tara.

Na cire takalmi na jefar. Daga tebur zuwa tebur ban ma riƙa miƙewa sosai ba, da gwiwa nake ja. Kashe, jona, kunna, jira, amsa, amsa, amsa, cire. Atamfar cocina ta share duk dattin da mai shara ya yi wata uku yana turawa ƙarƙashin tebura. Gumi ya jiƙa min ɗankwali. A ta goma sha biyu na yi sauri na buga ba gajiy, ta ƙi karɓa, ta sake tambayata cikin ladabi, kamar yadda na rubuta mata ta yi. Ban taɓa tsanar aikin hannuna kamar a wannan lokacin ba.

Duk wannan abu Modibbo yana tsaye a bakin layi, hannuwa a baya. Ban ga fuskarsa ba, takalminsa kawai nake gani ta ƙasan tebura, yana bina a hankali daga layi zuwa layi.

Ina ƙarƙashin ta ashirin na ji lissafin dangin Malam Ɗanlarai ya ƙare. Ya tambayi Mansir me matar nan take yi haka. Mansir bai san komai a kan abin da ya faru ba, amma ba zai bari baƙo ya tafi ba amsa ba. Na ji shi da kunnena yana cewa ai tsaro ne. Wai kwamfutocin nan ba sa buɗuwa sai da wancan kibod ɗin guda ɗaya, ko ɓarawo ya shigo, ko ɗalibi ya zo da wayo, gaisuwa kawai zai sha ya fita.

Takalmin baƙon ya taho ya tsaya daidai kaina a ta ashirin da uku. Ya ɗan sunkuyo.

"Madam, da gangan kika tsara shi haka?"

Ina durƙushe, kibod a gabana, allo na tambayata ina aiki. Gaskiyar gajera ce: kuskure na yi, ban gwada ba, layi ɗaya zai gyara shi kafin azahar. Amma takalmin Modibbo yana nan taku uku daga inda nake, kuma shekara shida yana cewa makulli sai mai natsuwa. Idan na ce na tura abu ga kwamfuta arba'in ban kunna ko ɗaya na gani ba, na san benci zan koma, wataƙila har in tsufa a kansa.

"Da gangan ne, ranka ya daɗe," na ce.

Na buga aiki da godiya na ja gwiwa zuwa ta gaba.

Goma saura minti huɗu ta arba'in ta tashi. Na dafa tebur na miƙe da ƙyar. Malam Ɗanlarai ya zagaya ya duba kowace, ya kashe ɗaya ya gwada amsa mata da nata kibod ɗin, ta yi masa shiru, ya yi murmushin farko tun zuwansa. Ni na sake durƙusawa na tayar da ita, ta arba'in da ɗaya ke nan. Ya zauna ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya karanta mana. An amince da cibiyar. Ya ce a cibiya goma sha tara da ya duba bai ga tsari irin wannan ba, kwamfutocin da ba sa tashi sai da kibod guda ɗaya tak wanda ke hannun jami'a mai kula. Ya rubuta shi a matsayin sharaɗin amincewa, ba a canza shi, ba a ƙara kibod na biyu, sai an nemi sabuwar ziyara a rubuce, kuma za su riƙa leƙowa ba sanarwa. Ya ce in sa hannu a ƙasa, na sa.

Bayan an raka baƙo mota, Modibbo ya aiko a kira ni ofishinsa. Na shiga ba takalmi, atamfa ta yi baƙi daga gwiwa zuwa ƙasa. Makullin yana kan tebur, da 'yar igiyar fatar da Mansir ya ɗaura masa. Na ɗauka zai yi maganar wayoyin da na ja, ko sakan goma sha ɗaya, ko amincewar da aka samu. Idonsa ya yi ja kamar mai shirin hawaye.

"'Yata," ya ce, "shekara shida ina jiran in ga gwiwarki a ƙasa. Yau na gani sau arba'in. Wanda ya iya durƙusa wa na'ura ya amsa mata gaisuwa ba zai wulaƙanta mutum ba. Ɗauki."

Na so in ce masa arba'in da ɗaya ne. Na so in ce masa abubuwa da yawa. Duk aikin kirkin da na yi a ɗakin nan bai kawo min makullin ba, sai ranar da na tafka kuskure mafi muni a rayuwata na ɗora ƙarya a kai. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a bakina, amma hannuna ya riga ni, ya ɗauka. Na ce na gode, Baba. A tsaye na faɗa, bai ma lura ba.

Mansir ya yi min barka da zuciya ɗaya. Ya ce dama makullin nan ya dame shi, yana hana shi tsayawa a hanya yadda ya kamata. Yanzu sha ɗaya saura yake isowa.

Takardar Malam Ɗanlarai tana bango a cikin gilashi, da sa hannuna a ƙasa, Modibbo yana nuna wa duk wanda ya zo. Layin da zai gyara komai na rubuta shi a bayan wata tsohuwar ambulan, yana cikin jakata, kalma shida ne. Idan na saka shi, ko dai hukuma ta janye amincewa, ko in tsaya gaban dattijon in ce ranar nan ƙarya na yi, ya miƙo hannu in mayar masa da abinsa. Na sha ɗauko ambulan ɗin in duba in mayar.

A da, ƙarfe takwas nake zuwa in zauna a benci. Yanzu shida da rabi nake fitowa, don kafin ɗalibai su iso sai na gama zagaye. Ba ranar jarrabawa kaɗai ba, kullum, tunda kullum ake kashe su da yamma. Idan aka ɗauke wuta kafin janareta ya kama, a sake daga farko. Akwai wata Talata da aka ɗauke sau uku, ranar sau ɗari da sittin na durƙusa. Na sayi 'yar tabarmar roba a kasuwar Wunti ina jan ta daga tebur zuwa tebur, kuma na daina zuwa aiki da kayan kirki.

Amma ni nake buɗe ƙofa, wannan kam ba mai ƙwace min. Ina sa makulli, in juya, in shiga ba tare da na jira kowa ba. In ɗauko kibod ɗin Tsohuwa, in shimfiɗa tabarma a gaban ta farko, in sauke gwiwoyin da suka fara ƙara idan na lanƙwasa su. Ta tambaye ni ina kwana, in ba ta amsa. Ta tambaye ni ina gajiya, in buga mata ba gajiya, saura talatin da tara.